Hannu a Kafaɗar Bondo

Litinin, 24 ga Oktoba, da yamma

Mun iso. Motar Bondo ta mutu a kan tudu, ni da mijina Jumber muka tura ta, Bondo yana ciki yana ba mu umarni sai ka ce shi ne daraktan. Deida Lamara (deida, wato inna), tsohuwar da mijina yake fim a kanta tun bazara, ta tare mu a ƙofar gida, hannunta duk gari. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe da gaske Jumber yana da mata, ita ta ɗauka ƙirƙiro ni ya yi don kada zawarawan ƙauye su dame shi.

Ba laifinta ba ne. Shekara talatin muna tare ban taɓa taka wurin da yake ɗaukar fim ba. Haka muka raba aikin tun muna da ƙuruciya: shi ya ɗauko, ni in tace a ɗakina na Tbilisi, in yanka in haɗa. Ba na zuwa filinsa, ba ya shiga ɗakina. Kujera ɗaya ce ma a ɗakin, da gangan. Na ce musu iska na zo sha.

Mun sauka a gidan da ke jikin nata, masu shi sun tafi neman abinci Rasha. Daga mota har bakin ƙofa Jumber yana riƙe da hannuna. Bondo, wanda yake riƙe masa kyamara tun fim ɗinsa na farko, ya yi ta tsokana wai tsofaffi sun koma amarci. Na yi dariya yadda ya kamata.

Ƙarshen fim kawai ya rage, da gwangwanin fim guda ɗaya tak. A ƙasar nan yanzu ko burodi sai da layi, balle fim. Likitan ido ya ce mu koma kafin sanyi ya shigo. Jumber ya ce sai ya ga ƙarshen.

Talata, 25 ga Oktoba, da la'asar

Yau na ga yadda yake aiki, kuma da wani ne ya ba ni labari da na ce sharri yake masa. Ba takarda, ba 'yan wasa, ba wanda ake ce wa tsaya nan ko faɗi kaza. Ana kafa kyamara a gindin rumman, ta fuskanci tanderun Deida Lamara, shi ke nan sai jira. Bondo ya manna ido a kyamara, Jumber yana tsaye a bayansa. Ba ya cewa a fara. In ya ga abin da yake so sai ya ɗora hannu a kafaɗar Bondo, kyamara ta kama aiki. In ya ɗauke hannun, ta tsaya. An lulluɓe ta da tsohon bargo saboda ƙara, don haka mutanen gida ba sa sanin lokacin da ake ɗaukarsu, har sun manta da ita. Kuma ba a maimaitawa. Yakan ce duk abin da mutum ya yi sau biyu, na biyun ƙarya ne.

Ashe haka aka samo duk abubuwan nan da suke sauka a teburina: jakin da ya waiwayo ya kalli mai shi, matar da take ta goge teburin da ya riga ya fita tas. Na tuna shekarar da hukuma ta matsa sai ya kawo rubutaccen labari, ya kai musu yadda mahaifiyarsa take dafa wake a tukunyar ƙasa, ya raba shi fitowa-fitowa. Suka kulle fim ɗin a ma'ajiya wai ba abin da ke faruwa a ciki. Ni da na tace shi na san kome yana faruwa, a hankali ne kawai.

Na tambaye shi yadda ƙarshen wannan zai kasance. Ya ce, "In na gan shi zan gane shi." Amsarsa ke nan kullum, kuma kullum dariya muke yi. Yau ba wanda ya yi.

Bai taɓa kafaɗar Bondo ba.

Laraba, 26 ga Oktoba, da sassafe

Ya tambaye ni yadda hasken yake. Mutumin da a da yake tashina daga barci don ya gaya mini.

Juma'a, 28 ga Oktoba, da yamma

Deida Lamara ta kira mu cin abinci. Wake, cuku, ganyen da aka jiƙa, burodi da zafinsa, da ragowar giyar bara. Bondo ne tamada, shi ke jan ragamar ɗaga kofi, kuma in ya kama jawabi abinci sai ya huce. Aka sha don zaman lafiya, aka sha don mai gida. Da aka zo kan waɗanda suka riga mu, kowa ya karkata kofinsa ya ɗiga a kan burodi ya ambaci nasa. Deida Lamara ta ambaci mijinta da iyayenta da wata ƙanwarta, ta ɗiga, ta ajiye kofi.

Sai da Bondo ya ce a sha don waɗanda suke kan hanya sannan ta miƙe tsaye, ta ce, "Gocha." Ta shanye duka.

Gocha ɗanta ne, shi kaɗai. Ya tafi yaƙin bakin teku bara. Abokan tafiyarsa sun dawo, wasu da ƙafarsu, wasu a akwati. Shi ko takalminsa ba a kawo ba. Duk ƙauyen sun san abin da suka sani, ba mai faɗa. Duk ranar da ta yi gashi sai ta ware burodi ɗaya ta naɗe a ƙyalle ta ajiye a kan taga, in ya bushe ta ba kaji, ta sake ware wani.

Jumber ya kai hannu zai ɗauki kofinsa, ya kama gidan gishiri. Na tura masa kofin da ɗan yatsa, na kuma kama labarin tsadar kalanzir da ƙarfi. Da na ɗago, Deida Lamara rufin ɗaki take kallo.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da hantsi

Ƙararrawar coci. Na ɗiga wa Jumber magani a ido, ya ce yana masa yaji kamar surutun Bondo. Ya zauna a baranda fuskarsa a rana. Ya tambaye ni hasken, na ce mai kyau ne, ruwan zuma, yana fitowa ta bayan duwatsu. Ya ce in daina waƙa in gaya masa inda inuwar rumman ta kai.

Talata, 1 ga Nuwamba, da yamma

Deida Lamara ta wanke rigunan Gocha, kamar yadda take yi kowane wata don kada su yi warin akwati. Tana shanya iska ta taso, wata farar riga ta cika ta kumbura, hannayenta biyu suka naɗe wuyan tsohuwar. Ta tsaya cik a ciki. Ba ta ture ta ba.

Ina ganin kafaɗar Bondo tana ɗagawa da kanta, tana neman hannun. Jumber yana tsaye a bayansa, natse, ya kafa fuska a bakin tanderu, inda tsohuwar take ɗazu. Iska ta kwanta, rigar ta saki.

Daga baya na iske Bondo ya tura kai cikin injin motarsa, ba ya gyara kome. Bai ɗago ba ya ce, "Tsisana, tun yaushe?"

Na ce tun yaushe me? Sai ya ce yana nufin tun yaushe motar nan take zubar da mai. Na ce tun da na san ta.

Na tambaye shi me ya hana shi ɗauka da kansa, tunda ya gani. Ya fito da kansa ya kalle ni sai ka ce na ce ya saci kyandir a coci. Ya ce shekara talatin bai taɓa kunna ta da ra'ayin kansa ba, kafaɗarsa ce take jin magana ba kansa ba, kuma ranar da ya fara, ranar Jumber zai san an gama da shi. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, da rana

Na je gidan waya na kira ƙanwata Nunu. Likita ya aiko ta bakinta cewa kowane mako da muka ƙara akwai abin da yake cinyewa, kuma ba ya dawowa. Na gaya wa Jumber. Ya ce Nunu tun tana yarinya take da ƙarin gishiri.

Yau ma bai taɓa kafaɗar ba.

Asabar, 5 ga Nuwamba, da safe

Ya ce in riƙa ɗaura jan gyalen nan, yana yi mini kyau. Shekara talatin yana cewa ja launin masu ihu ne, har labule ya taɓa sa aka cire a gidan mutane. Na ɗaura. Da na fito tsakar gida ya juyo daidai inda nake, ya yi murmushi, ya ji daɗin kansa kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Muna shan shayi ya ba ni labarin yadda ya zaɓi Deida Lamara. Ba fuskarta ba ce. Yana wucewa ne a bazara ya ga ta fito ta leƙa hanya, ta koma ta tura ƙyaure, ta kai hannu kan sakata, ta janye hannun. Ya dawo washegari, haka. Ya ce, "Ba ta taɓa sa sakatar nan ba, Tsisana. Ko da dare. Fim ɗin ke nan gaba ɗaya, sauran duk burodi ne."

Ina son mutumin nan. Na rubuta ne don a fili ba ma faɗa wa juna irin wannan, sai dai mu yi faɗa a kan labule.

Talata, 8 ga Nuwamba, da yamma

Ba na son rubuta na yau.

Ina taya Deida Lamara gashin burodi, mazan sun tafi neman fetur. Tana sunkuya cikin tanderu tana manna ƙullu a bango, ina miƙa mata. Ba ta kalle ni ba ta ce, "'Yata, har yaushe za ki riƙa tura masa kofi da ɗan yatsa?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Har ranar da za ki daina ajiye burodi a kan taga, deida."

Ta ɗauki ƙullu na gaba ta manna. Damtsenta ya taɓa bakin tanderu, na ji ƙaurin fata, ta ci gaba da mannawa. Muka ƙarasa gashin. Ta ware ɗaya ta naɗe, a gabana, a hankali.

Laraba, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Ta ce a fitar mata da injin daga tsakar gida, ta gaji. Bondo ya ɗauko kyamara a ƙirji da bargonta. Jumber ya tambaya me ya faru, na ce tsufa ne.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Ba wuta. Bai tambayi haske ba.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, da la'asar

Na gaya masa abin da na ce mata. Ban gaya masa abin da ita ta ce ba, shi kuma bai tambaya ba, duk da ya san ba na cizo haka kawai. Sai ya ce, "Ke da kika fi kowa sanin inda ake yanka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Can ya laluba ya kamo hannuna. Ya ce wataƙila fim ɗin ba shi da ƙarshe, akwai irinsu, mu haɗa kaya. Na ce to. Ba wanda ya tashi. Muka zauna muna jin ɗigar ruwa a bokiti har ya cika, Bondo ya shigo ya zubar yana mita wai ya zama boyin masoya.

Tsoro nake ji. In muka tafi haka, wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe kuma bai ƙare ba, ni ce kuma na rufe ƙofar. In muka zauna, ga saƙon Nunu.

Laraba, 16 ga Nuwamba, da yamma

Na je gidanta hannu rabbana. Ƙyauren an tura shi ne kawai, kamar kullum. Tana tsince wake a baranda, damtsenta ɗaure da tsumma. Na shirya jawabi tun daga gida, ta turo mini faranti kafin in fara. Muka tsince wake har rana ta karkata. Abin da ta ce kawai shi ne ina zubar da masu kyau, mutanen birni ba su san wake ba.

Burodin yana kan taga.

Asabar, 19 ga Nuwamba, da safe

Ƙanƙarar farko ta sauka a kan duwatsu. Gari ya waye tas, kowa ya fito bakin hanya yana kallo, fari fat daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Jumber ya ji ana ta yabawa, ya fito da kansa ba tare da ni ba, ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce lallai ya yi kyau. Garkar inabi yake fuskanta, duwatsun suna bayansa.

Bondo ya tako ya tsaya a gefensa, ya juya wa duwatsun baya shi ma, ya kunna taba ya ce bai taɓa ganin shekarar da ta yi kyau haka ba. Suka daɗe a tsaye su biyu suna kallon busassun rassan inabi. Na yafe wa Bondo duk jawaban da ya taɓa yi.

Deida Lamara tana bakin ƙofarta. Ba duwatsun take kallo ba.

Litinin, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Ta shigo mana da kanta, Jumber yana barci. Ta ƙi zama. Ta ce jibi Giorgoba, bikin waliyyin cocinmu, za ta buɗe randar sabuwar giya, an yi mata alkawarin ɗan rago, za a ci a tsakar gida in rana ta fito.

"Ki ce masa ya kawo injinsa. Ke kuma ki tsaya kusa da shi, ba can wurin mata ba."

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce ta kwana biyu tana son ta tsine mini, abin ya ƙi, don ba a tsine wa mutum a kan gaskiya. Ta gyara ɗankwalinta, ta kai bakin ƙofa, sannan ta waiwayo.

"Ni zan fara. Ke ki biyo."

Talata, 22 ga Nuwamba

Bondo ya wuni yana goge gilashin kyamara. Na kasa cin kome. Jumber ya tambayi hasken gobe, sai ka ce ni nake rabawa.

Laraba, 23 ga Nuwamba, da yamma

Rana ta fito. An jera tebur a gindin rumman, maƙwabta sun cika, batono Shalva, dattijon ƙarshen layi, shi ne tamada tunda Bondo yana bakin aiki. Kyamara tana cikin bargonta, gwangwanin ƙarshe a cikinta. Jumber a bayan Bondo, ni a gefen Jumber da jan gyalena.

Aka sha don ranar, aka sha don ƙasa, aka yi waƙa. Sai batono Shalva ya sassauta murya ya ce a tuna waɗanda suka riga mu. Kowa ya ɗiga a burodinsa. Deida Lamara ta ambaci mijinta da iyayenta da ƙanwarta. Ba ta ajiye kofin ba. Ta sa ɗaya hannun a cinyarta ta ɗauko ƙunshin nan na kan taga, ta ɗora a tebur, ta fara warware ƙyallen.

Ba ƙarar kome. Jumber yana fuskantar batono Shalva, inda murya ta ƙare.

Na kama hannunsa. Ya yi sanyi, ya kuma yi nauyi. Da ya gane inda zan kai shi sai ya ƙage, na ji duk taurin kan shekara talatin a wuyan hannun nan. Ban ja ba, ban kuma saki ba. Sai ya sakar mini. Na ɗora shi a kafaɗar Bondo, nawa a kan nasa, na ji kyamara ta kama rawa a ƙarƙashin bargo.

Ta gutsuri burodin. Ta karkata kofi, jar giya ta ɗiga ta shige cikin farin. Ta ce, "Gocha, ɗana." Ba da ƙarfi ba, kamar mai tashin yaro da safe. Ta kurɓa ta ajiye kofin.

A wurina nan ne ƙarshe, a nan zan yanka in a ɗakina ne. Na fara ɗaga hannunsa. Ya danne. Ya karkata kai yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe. Ni ban ji kome ba, sai daga baya: kujera ta matsa, takalmi a kan tsakuwa. Ta tashi ta bi ta bayan baƙinta, Bondo yana bin ta da kyamara a hankali, har bakin ƙyaure. Ta leƙa hanya. Ta tura ƙyauren. Sakatar ta yi tsatsa, sai da ta sa hannu biyu, ta shiga da ƙara.

A kan ƙarar nan Jumber ya ɗauke hannunsa.

Bondo bai ɗago daga kyamara ba, kafaɗunsa suna girgiza. Jumber ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Me na ɗauka?" Na gaya masa duka, tun daga ƙyallen, da launin giyar, da inda inuwar rumman ta kai. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da za a watse sai da maza biyu suka taru a kan sakatar kafin baƙi su samu fita. Deida Lamara ta ce su yi a hankali kada su karya mata, yanzu take da amfani.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, Tbilisi, da yamma

Da za mu taso ta kawo burodi mai zafi. Ba ta miƙa masa ba, ta kama hannunsa ta sa a ciki ta naɗe yatsunsa a kai. Ta sumbace ni a goshi ta ce, "Saura ke."

Mijina ba ya gani.

Ga shi na rubuta. Da safe kuma na faɗa da bakina, a mota, kafin mu kai tudun nan. Muryata ta fito wata iri. Bondo ya ƙura wa hanya ido. Jumber yana cin burodinsa, ya haɗiye, ya ce, "Na sani, Tsisana. Jira nake ki gama shiri."

Gobe za mu ga likita, ya ceci abin da ya rage in akwai. Muna shigowa gari Jumber ya tambaya ko ɗakin tacewata zai ɗauki kujera ta biyu. Na ce ɗakin ƙarami ne, kuma ba na son surutu in ina aiki. Ya ce ai ni zan yi surutun, shi saurare kawai zai yi.

Bondo zai kawo kujerar ranar Asabar.